Daga gindin rimi zuwa allon waya: yadda aka koyi dara, da yadda za a koyi shaɗaranji

'Yan uwa marubuta, a 'yan shekarun nan matasa daga Bichi, Dambatta, Minjibir da Dawakin Tofa sun fara buga wasan da suke kira chess a wayoyinsu, wanda litattafan malamanmu suka sani da shaɗaranji. Wasu har sun fara tunanin haɗa ƙungiyar nazari ta intanet don hannunsu ya faɗa tare. Ana ɗaukar abin baƙo. Ni kuwa ina ganin rabinsa ne kawai baƙo, ɗaya rabin kakanninmu sun daɗe da shi a gindin bishiya.

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ƙasa ce da gona ke jingine da gona, babu saura, babu daji. Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Inda mutane suka yi yawa haka, kuma damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, rani yakan bar magidanta da lokaci a hannu. Wasu su tafi cin rani, wasu su kama saƙa ko rini ko fatauci. Da la'asar sakaliya kuwa, sai majalisar dara ta cika.

Darar da nake nufi ita ce ta gurabu talatin da ake tonawa a ƙasa, layi biyar na gida shida-shida. Kowa na da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da karare, wancan da tsakuwa. Sai an gama kasa su duka kafin a fara tafiya, kuma ba a yarda ka jera uku ba tun wurin kasawar. Daga nan kowane ɗa taki ɗaya yake yi, gaba ko baya ko gefe. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin karawarka guda. Gwani shi ne wanda zai gina wurin da in ya matsa ya ci, in ya koma ya ci, har ya talauta ka. Masu wasan sun san tun a kasawa ake cin mutum, tafiyar shaida ce kawai.

To wa ya koya wa gwanin? Babu makaranta, babu littafi. Mutum biyu ne ke tsugune, amma goma ke wasan. 'Yan kallo na gyaran murya, wani ya yi tsaki, wani dattijo ya kau da kai don takaici. Ana tashi sai gardama: da ka sa nan, da ba a ci ka ba. A mayar da 'ya'yan inda suke, a sake gwadawa. Yaro yakan shekara yana leƙe ta bayan manya kafin a ba shi kara ya riƙe. Wannan bitar ta bayan wasa ita ce makarantar, kuma ita ce abin da duk wata ƙungiyar nazari ke nema. Wasan ya shiga jinin harshe har ya bar mana "dara ta ci gida".

Rauninta ɗaya ne: iska na share gurabun, ba a rubuta komai. Gwanin ƙauye ya rasu, dabarunsa su bi shi.

Borno ta nuna mana ƙarshen irin wannan hanya. Can an buga shaɗaranji na gaske, da sunan tsatsarandi, kuma 'ya'yansa na ɗauke da sarautun ƙasar: Mai, Ciroma, Kaigama. A 1934 wani jami'in Turawan mulki, C. K. Meek, ya rubuta ɗan bayani a kansa a mujallar Man. Wasan manya ne, na 'yan tsiraru, kuma ya dushe. Abin da ya rage mana yawanci shi ne abin da baƙi suka rubuta. Kwatanta da Bagadaza, inda al-Adli ya rubuta littafin shaɗaranji a ƙarni na 9, as-Suli ya biyo shi a ƙarni na 10. Sun tara matsalolin wasa da ake kira mansubat, an dasa 'ya'ya a wani hali a ce nemo mafita. Yau shekara fiye da dubu, ana iya ɗora su a allo a yi nazari.

Akwai kuma dalilin da ya sa shaɗaranji bai yi saiwa a ƙasar Kano ba, bai kamata a ɓoye shi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗalibin zaure ke karantawa a Gezawa kamar yadda ake karanta ta a Madabo, ta hana wasa da shi. Mazhabar Shafi'i ta tsaya a kan karhanci, matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Duk mai kafa ƙungiya a garuruwanmu zai haɗu da wannan tambaya daga bakin mahaifin wani yaro, kuma gara ya je da amsar da ya samo wurin malamai, da ƙa'ida a fili: ba kuɗi a wasa, ana kiran salla a ajiye waya.

Misalin da ya fi kusa da abin da matasanmu ke so ya zo daga Tarayyar Sobiyet. Mikhail Botvinnik, wanda ya riƙe kambin duniya, ya buɗe makarantarsa a 1963. Ɗalibansa na warwatse a garuruwa masu nisa, ba sa haɗuwa sai 'yan lokuta a shekara. In an haɗu, kowa ya kawo wasanninsa da sharhin da ya rubuta da hannunsa, ya tsaya gaban 'yan uwansa su yi masa tankaɗe da rairaya, sannan a ba shi aikin gida ya koma. Karpov, Kasparov da Kramnik duk sun ratsa ta nan. Majalisar dara ce, sai dai da alƙalami.

Yanzu alƙalamin ya zo kyauta. Dandalin Lichess, wanda Thibault Duplessis ya kafa a Faransa a 2010, ba ya karɓar ko sisi, yana adana kowane wasa, kuma yana da ɗakin nazari inda mutane da yawa za su taru a allo ɗaya su rubuta sharhi. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums a Legas a 2018, ya buga na awa 60 a jere a birnin New York a Afrilun 2024, abin da ya sa gidajen rediyon Hausa suka ambaci wasan.

Amma waya na da tarkonta. Tana ba ka abokin karawa dare da rana, ta raba ka da 'yan kallo. Yaro zai buga wasa ɗari na minti uku-uku, bai zauna ya duba ko ɗaya ba. In ya duba ma, kwamfuta ce ke faɗa masa inda ya kuskure, ya gyaɗa kai ya wuce. Shi ya sa a ganina ƙungiyar kada ta wuce mutum takwas ko goma. Wasa ɗaya a mako ya isa, mai tsawo. Wanda aka ci shi zai fara magana, ya rubuta abin da yake tunani a kowace mahaɗa, sauran su biyo da saƙon murya a WhatsApp, kuma ba a tambayar kwamfuta sai kowa ya gama faɗin nasa. Kuɗin data da na caji gaskiya ne, don haka hoto ɗaya na allo ya fi bidiyo. Jadawalin kuma ya san da noman fari da maimai, ya san masu noman rani a Watari da Tomas ba su da ranin hutu irin na kakanninsu.

Abu guda waya ta yi da gindin rimi bai taɓa yi ba. Majalisar dara ta maza ce. Yarinya a Kunci ko matar aure a Ungogo tana iya shiga wannan daga ɗakinta, ta ci wan nata a gaban shaidu.

Mu marubuta mun san amfanin irin wannan zama, don ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da haɗuwa ta yi ƙarfi. Kuma akwai aikin da ke jiranmu a nan. Har yau babu matsaya kan sunayen 'ya'yan shaɗaranji da Hausa. Sarki da doki sun zauna da kansu. Na kusa da sarki fa, sarauniya za a ce kamar Turawa, ko waziri, ko mu bi Borno mu ce ciroma? Sannan dattawan da suka san sunan kowane tarko a darar gurbi talatin suna nan a kasuwar Bichi da ta Dambatta, suna tsugune bayan la'asar, kuma wayar da ake buga wasan da ita tana ɗaukar murya.