Sunan Yahaya da tarihin Kiristocin Hausa na Wusasa

A wani taron suna nan Isolo na ji wani matashi yana mamaki, wai maƙwabcinsa sunansa Yakubu, ɗansa Ishaku, amma ranar Lahadi coci suke zuwa. Har cewa ya yi sun ari sunayenmu. Ba aro ba ne, kuma abin yana da tarihi.

A Littafi Mai Tsarki na Kirista akwai mutanen da ba iyayensu ne suka zaɓa musu suna ba. Littafin Farawa ya ce mala'ika ne ya gaya wa Hajara ta sa wa ɗanta Isma'ila. Allah ya sauya sunan Abram zuwa Ibrahim, na Yakubu kuma zuwa Isra'ila. Amma labarin da ya fi kama hankalina shi ne na Yahaya a Linjilar Luka. A rana ta takwas dangi suka taru, suna so a sa wa jaririn sunan mahaifinsa Zakariya. Uwar ta ƙi, suka ce ai babu mai wannan suna a zuriyarsu. Zakariya, da bakinsa ke rufe tun albishirin mala'ika, ya nemi allo ya rubuta Yahaya. Wanda ya taɓa ganin gwaggo da kawu suna jayayya da asubar ranar suna, kafin a yanka rago wanzami ya yi aski, zai gane wannan gida. Mu ma a Suratu Maryam mun karanta cewa Allah ne da kansa ya raɗa wa Annabi Yahaya suna.

Yadda waɗannan labarai suka shigo Hausa kuwa, sai mu koma Zariya. Likita Walter Miller, ɗan mishan daga Ingila, ya zauna a birnin tun 1905, daga baya a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar da ta fito cikakkiya a 1932. Masu fassara sun tarar da Hausawa sun riga sun san Ibrahim, Musa, Dauda da Sulemanu, sai suka bar su yadda suke. Inda aka sha bamban shi ne Yesu da Isa, da kuma Yohanna da Yahaya, shi ya sa za ka ji duka biyun a bakin mutane.

Daga Wusasa ɗin nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, shi ma na wannan jama'a ne.

A ganina, idan wani Dauda ko Saratu suka zo yin rajista a ƙungiyarmu, daga Agege ko Idi-Araba, a tambaye su garinsu da sana'arsu kamar kowa. Sunan kaɗai ba zai gaya wa mai rubutu inda suke ibada ba.