Kwanakin Fargaba a Antakiya

Ya kai mai karatu, ka san Antakiya, birnin da aka fara kiran masu bi Kirista. Bari mu leƙa ta a shekara ta 387, lokacin da Sarki Tiyodosiyus yake mulkin gabashin daular Roma.

A zamanin nan, majalisar masu dukiyar gari ce take riƙe da harkokin birni. Su ne masu tara haraji, in kuwa ya gaza, daga aljihunsu za su cike. Sarauta ce mai kama da ɗaurin talala, gama ɗa yakan gaje ta ko yana so ko ba ya so. Takobi kuma ba ya hannunsu, yana hannun gwamna da shugabannin mayaƙa waɗanda sarki ya naɗa.

A watan Fabrairu aka karanta takardar sabon haraji. Jama'a suka harzuƙa, suka tumɓuke mutum-mutumin sarki da na iyalinsa, suka ja su a ƙasa. A dokar Roma wannan tawaye ne. Maharba suka watsa taron, aka kashe waɗanda aka kama, sai gari ya yi tsit, masu hali suka tsere zuwa duwatsu.

Sarki ya aiko manzanni biyu, Kaisariyus da Elebikus, babban shugaban mayaƙan gabas. Aka rufe wuraren wanka da na wasanni, aka ƙwace wa birnin matsayinsa aka ba Lawudikiya ta Suriya, aka tsare 'yan majalisa. Ka lura da wannan: mutanen da ba su da ikon tsayar da tarzoma, su aka tuhuma don ba su tsayar da ita ba.

To, wa zai yi magana? Bishof Filabiyan, tsoho ne, 'yar'uwarsa kuma tana kwance rai a hannun Allah, duk da haka ya kama doguwar hanya zuwa Kustantiniya don ya roƙi sarki. Masu zuhudu suka sauko daga kogwanninsu. An ce ɗaya daga cikinsu, Makidoniyus, ya tare manzannin a hanya, ya tuna musu cewa tagulla in ta karye ana sāke zuba ta, amma sarki ba shi da ikon mai da ran mutumin da aka halitta cikin siffar Allah. A ganina, ba a yi maganar da ta fi wannan nauyi a dukan shari'ar ba. Yohanna, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Mai Bakin Zinariya, ya yi ta wa'azi cikin kwanakin azumi, majami'a cike da masu rawar jiki.

Gafarar sarki ta iso kafin Ista. Bayan shekara uku, a 390, mutanen Tasalonika suka kashe wani shugaban mayaƙa mai suna Buterik, sojojin wannan sarkin kuwa suka karkashe dubban mutane a birnin.