Takaddamar Manyan Kantuna a Majalisun Biranen Amurka

Katafaren kanti irin na Walmart, wanda ya haɗa kayan abinci da tufafi da magani da tayar mota ƙarƙashin rufi guda, yakan kai murabba'in mita 17,000. Wato ya fi filin ƙwallo biyu, ban da wajen ajiye motoci. Tun shekarun 1990 majalisun birane a Amurka suke kai ruwa rana kan ko a bar irin wannan gini ya shigo gari. Masu so suna cewa talaka zai sayi kaya da araha, matasa su samu aiki. Masu ƙi suna cewa ƙananan shaguna za su mutu, albashi ya karye. Sai dai abin da ya fi yanke hukunci a wannan rigima shi ne irin ikon da ƙaramar hukuma take da shi, da kuma inda iyakarta ta tsaya.

Ikon da ba a jayayya da shi a hannun majalisar birni shi ne na tsara filaye: me za a gina, a ina, girmansa nawa. Saboda haka damuwar da asalinta ta albashi ce ko ta kasuwa, sai an sa mata rigar cunkoson motoci da faɗin gini kafin ta tsaya a gaban alƙali. Garin Turlock na jihar Kalifoniya ya nuna yadda ake yi. A 2004 majalisarsa ta hana gina kantin rangwame da ya wuce murabba'in ƙafa 100,000 in har fiye da kashi 5 cikin ɗari na filinsa na kayan da ba a karɓar harajin ciniki a kansu ne. A Kalifoniya kayan abinci ba su da wannan haraji, don haka kowa ya san wanda aka nufa, ko da ba a kama suna ba. Walmart ya kai ƙara yana cewa an yi dokar ne don a hana shi gogayya da sauran 'yan kasuwa. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta ba garin gaskiya: gari na da hurumin kare ƙananan kasuwannin unguwanni, waɗanda kantin abinci ne ke jawo musu masu saye, ko da hakan ya taɓa cinikin wani.

Lokacin ma ba haka kawai ya zo ba. Daga Oktoban 2003 zuwa Fabrairun 2004 ma'aikatan kantunan abinci kusan 70,000 a kudancin jihar suna cikin yajin aiki ko an rufe musu ƙofa, kuma hujjar kamfanoninsu ta rage kuɗin kiwon lafiya ita ce Walmart na tafe, shi da ma'aikatansa ba su da ƙungiyar ƙwadago.

Shikago ta ƙi yin kwana-kwana, ta tunkari albashin kai tsaye. A Yulin 2006 kansiloli 35 suka rinjayi 14, suka ce duk kantin da ya wuce murabba'in ƙafa 90,000, mallakar kamfani mai cinikin dala biliyan ɗaya a shekara, dole ya biya dala 10 a awa da ƙarin dala 3 na alawus zuwa 2010. Magajin gari Richard M. Daley ya hau kujerar na-ƙi, karo na farko cikin shekara 17 da ya yi yana mulki, kuma majalisa ta kasa tara ƙuri'un da za su ture shi. Hujjarsa tana nan a bakin ƙofa. A farkon wannan shekarar Walmart ya buɗe reshe a Evergreen Park, ƙaramin gari da ke manne da Shikago, mutum kusan 25,000 suka nemi gurbi 325. Mutanen birni na tsallaka titi su yi sayayya, haraji kuwa ya faɗa aljihun maƙwabci.

A nan, a ganina, raunin kowace irin wannan doka yake. Kanti yana jan masu saye daga gari goma, dokar kuwa ta gari ɗaya ce. Wanda ya hana zai iya rasa haraji, shagunansa kuma su rasa ciniki duk da haka. A Kalifoniya abin ya fi tsanani, domin tun 1978 da masu zaɓe suka taƙaita harajin gidaje, birane suka dogara da harajin ciniki na kashi ɗaya cikin ɗari da ake mayar wa wurin da aka yi sayayyar. Kansila mai neman kuɗin biyan 'yan sanda da gyaran titi ba ya kallon kantin kamar yadda mai shagon ƙarfe na tsakiyar gari ke kallonsa.

Kamfanin ma ya gwada zagaye majalisa. A Inglewood, kusa da Los Angeles, ya kashe fiye da dala miliyan ɗaya a 2004 kan ƙuri'ar raba gardama da za ta ba shi damar gini a eka 60 ba tare da binciken muhalli ko zaman jin ra'ayin jama'a ba. Kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, a garin da yawancinsa baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka masu buƙatar aiki. Filin ya zauna shekara goma, har Walmart ya sayar wa Stan Kroenke, mijin ɗaya daga magadan iyalan Walton masu Walmart, a 2014. A 2015 aka tara sa hannun jama'a don gina filin wasa a yankin, majalisar garin ta amince nan take ba tare da zaɓe ba, aikin ya tsallake binciken muhallin da aka hana Walmart tsallakewa. An buɗe filin wasan, SoFi Stadium, a 2020.