Mai Zuba Madara da Gidan da Ya Daina Rowa

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan akwai wani ɗan ƙaramin zane da Johannes Vermeer ya yi a wajajen 1660, tsawonsa bai kai rabin mita ba. Wata baranya ce tsaye kusa da taga tana tsiyaya madara a kasko, ga burodi a kan tebur, ga farin bango a bayanta. Mayafin da ta ɗaura a ƙugu shuɗi ne mai zurfi, kuma an haɗa launin ne da garin wani dutse mai tsada da ake haƙowa a Afganistan. Tun 1908 zanen yake hannun Rijksmuseum, babban gidan adana zane-zane da kayan tarihi na ƙasar.

Wani rahoto da cibiyar Europeana ta fitar a 2011 ya nuna halin da zanen ya shiga. Ma'aikatan gidan sun bincika intanet, suka tarar da kwafinsa fiye da 10,000, yawancinsu dusassu, launinsu ya rine ya koma ruwan ɗorawa. Abin ya kai ga baƙi suna shiga kantin gidan, su ɗauki katin da aka buga da launi na gaskiya, su ƙi yarda cewa haka zanen yake. Jabu ya yi yawa har ya ƙaryata asali.

Ba a rasa dalilin hakan ba. Kamar sauran takwarorinsa, gidan yana killace hotuna masu kyau na kayansa, sai mawallafi ko mai bincike ya cike takarda ya biya kuɗi kafin a ba shi. Wanda ba zai biya ba kuwa sai ya ɗauki hoto daga tsohon littafi ya watsa. Rowar ba ta hana zanen yawo a duniya ba, iyakar abin da ta yi shi ne tabbatar da cewa mummunan kwafi ne ke yawon.

Wannan taƙaddama ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Lokacin da aka buɗe gidan tarihi na Birtaniya a Landan a 1759, mai son shiga sai ya nemi izini a rubuce, ya jira a amince masa. Kusan ƙarni ɗaya bayan haka Henry Cole, shugaban gidan South Kensington da yanzu ake kira Victoria and Albert, ya sa fitilun gas a ɗakunan baje koli domin leburori su samu shiga da dare bayan tashi daga aiki. A kowane zamani akwai masu ganin cewa yawan idanu zai zubar da darajar abin kallo, akwai kuma masu cewa dukiyar jama'a ce, a bar jama'a su gani.

Abin da ya sa Rijksmuseum ya karkata ga ɓangare na biyu, har da tilas a ciki. A ƙarshen 2003 aka rufe babban gininsa na 1885 domin gyara, da zaton 'yan shekaru kaɗan za a yi. Sai aikin ya ci shekara goma da Yuro miliyan 375. Cikin abubuwan da suka ja lokaci har da rigima da masu keke, waɗanda suka ƙi yarda a taɓa hanyar da ta ratsa ta ƙarƙashin ginin, kuma su ne suka yi nasara. Duk tsawon wannan lokaci wani reshe ne kawai yake buɗe da zaɓaɓɓun ayyuka. Yaron da aka haifa a shekarar rufewa ya kusa gama firamare bai taɓa ganin babban zauren ba.

A watan Oktoba na 2012, wata shida kafin a sake buɗewa, gidan ya ƙaddamar da Rijksstudio. Ya saki hotuna 125,000 masu matuƙar kyau, kowa ya sauke kyauta, ya yanke, ya buga a riga ko a kofi in ya ga dama. Doka ba ta hana ba, domin masu zanen sun mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Lissafi ma bai hana ba: kuɗin sayar da hotuna bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gidan ba, ga kuma albashin masu kula da takardun izini. Taco Dibbits, wanda ke kula da kayan gidan a lokacin kuma daga baya ya zama shugabansa, ya shaida wa wata jaridar Amurka cewa ko a takardar bayan gida mutum yake son buga Vermeer, gara ya buga kyakkyawa da ya buga mummuna. Ba a jima ba wasu suka bi sahu. Gidan Metropolitan na New York ya saki hotuna 375,000 a 2017, cibiyar Smithsonian ta saki miliyan 2.8 a 2020.

To, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Baƙi sun haura miliyan biyu a 2013, suka kai kimanin miliyan 2.7 a 2019. Sai dai jingina wannan ƙari ga intanet kaɗai zai zama son rai, tunda ga sabon gini, ga kuma Amsterdam da 'yan yawon buɗe ido suka cika maƙil a shekarun. Abin da alƙaluman suka tabbatar ya fi haka ƙanƙanta, amma ya fi ƙarfi: tsoron da aka daɗe ana yi, cewa wanda ya ga hoto a waya ba zai zo ya ga asali ba, bai tabbata ba. Ribar da ba ta da gardama ita ce ta launi. Kyawawan hotunan sun shiga Wikipedia da littattafan makaranta, shuɗin mayafin nan ya dawo.

Inda maganar take da rauni shi ne kalmar faɗaɗa masu kallo. Hoto kyauta yana amfanar wanda ya riga ya san sunan da zai nema. Ɗalibin zane a Zariya zai iya matso da hoton har ya ga ɗigon fenti a ɓawon burodin, abin da malaminsa bai samu ba sai a dusasshen littafi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma hoto ba ya bayyana kansa. Da alama gidan ya gane haka, domin a 2019, da ya tashi binciken babban zanen Rembrandt na 1642 wanda aka fi sani da Sintirin Dare, bai kai shi ɗakin ɓoye ba. An kewaye shi da gilashi a tsakiyar zaure, masana suna aiki a idon baƙi, ana bayyana abin da aka gano mataki-mataki ga na kusa da na nesa.

A watan Fabrairu na 2023 gidan ya tara zanen Vermeer guda 28 wuri ɗaya, adadin da ba a taɓa haɗawa ba. Babu ko ɗaya cikinsu da ba a iya gani a waya kyauta. Tikiti ya ƙare cikin 'yan kwanaki, kuma kafin a rufe a watan Yuni mutum 650,000 sun bi layi sun wuce ta gaban mai zuba madara.