Mugun da Ba Shi da Lago Bai Shiga Tatsuniya

'Yan uwa na Mayurno, Sinnar, Madani da Damazin, da sauran ƙauyukanmu na Jazira.

Lokacin da kakanninmu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, bayan rasuwar mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, kayan da suka ɗauko a ka ba su taka kara sun karya ba. Wanda suka ɗauko a baki ya fi yawa, cikinsa har da wata ƙa'ida ta ba da labari: duk mugun da aka ba ƙarfin tsafi, sai an ba shi iyaka, sai kuma an ajiye makarinsa a wani wuri.

Mu fara da Daura. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ya hana mutanen gari ɗibar ruwa, amma labarin bai bar shi ya hana su kullum ba, ranar Juma'a suna ɗiba. Da babu wannan rana, da ƙishirwa ta gama da garin tun kafin Bayajidda ya iso. Makarinsa kuwa wuƙa ce da maƙeran Gaya suka ƙera, wato aikin hannun talakawa.

A Kano ma haka abin yake. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. An kewaye itaciyar tsafin da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, abin yanka kuma baƙaƙen dabbobi ne. Ƙarfin ya dogara ga sirri, shi ya sa sarakuna suka daɗe suna fama da masu tsafin. Sai a zamanin Sarki Tsamiya, a ƙarni na 14, aka rushe katangar, manyansu suka faɗa masa asirin da bakinsu. Daga nan kwarjinin ya tafi.

Wannan ƙa'ida ta sauko har cikin gidajenmu. A camfin mutanen da, maye yana kama kurwa, amma idan aka tilasta masa ya tsallake wanda ya kama, sai ya sake ta. Maganin ƙarfe da layar zana kowanne da sharaɗinsa, wanda ya karya ya tashi a tutar babu. Dodon tatsuniya na iya haɗiye gari guda, amma wayon Gizo ko taurin kan Auta kan kai shi ƙasa. Maƙwabtanmu Larabawa ma, a labarin Faɗimatu Samha, ba su bar Gul ya ci nasara ba. Masu iya magana sun taƙaita mana: kowane allazi da nasa amanu.

Wani abin lura shi ne, a Amurka, cikin 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons. 'Yan wasa kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, jagora guda yana ba da labari, ƙwaya irin ta ludo tana yanke hukunci. Har yau jagororin wasan suna tsara dokokin gidansu kan matsala ɗaya: yaya za a ba mugun boka ƙarfin da zai tsorata 'yan wasa ba tare da ya rufe musu kowace ƙofa ba? Tsohuwar da ke cewa "ga ta nan, ga ta nanku" a kan angarib ta san amsar tun da daɗewa. In Dodo ya yi rauni, yara su yi barci. In ba shi da lago, su kwana cikin firgici, gobe kuma ba mai zuwa.

Yaranmu na yau sun ga yaƙi da idonsu tun daga 2023, da yawa sun bar gida da hawasha, kuma Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Yaron da ya ga mai bindiga yana yin abin da ya ga dama yana bukatar ya ji, da harshen kakarsa, cewa Sarkin Kusugu ma an sare kansa. Don haka muna roƙon iyaye mata da dattawa, a gida ko a wurin gudun hijira, ku zaunar da su bayan Isha ku ba su labarin. Ku bar Dodo da ƙarfinsa, kada ku rage masa komai, amma kada ku manta da lagonsa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa ɗakinsa.