Ingarma da Fiɗiya a Ƙasar Ruma da Safana

Manufata a wannan 'yar maƙala ita ce in ja hankalin 'yan uwana ɗalibai da malamanmu ga wata tambaya: me ya sa kakanninmu suka dandaƙe bijimi da bunsuru, amma suka bar doki da mazantakarsa? Na ɗauki Batsari da Safana domin nan ne ƙasar da na tashi, kuma tarihinta da na doki tafe suke tare.

Kamar yadda masu karatu suka sani, bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, har Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe sun yi arewa, suka kafu a Maraɗi wajen 1819. Daga nan dajin Rugu ya zama hanyar hari. Maraɗawa da Gobirawa su ratso ta ciki, Katsinawa su tare su ko su bi sawu. Garuruwan bakin dajin, irin su Ruma da Zakka da Runka, suka zama garkuwar Katsina ta yamma, kuma a cikin wannan hali ne barade irin su Ɗanwaire na Ruma suka yi suna. Sarkin Ruma ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuwa hakimin Safana.

Mutumin da ke kwana da shirin hari yana bukatar doki mai zafin zuciya, wanda zai ɗauki barde da lifidi ya kutsa cikin masu baka, ya yi cizo, ya yi harbi. Saboda haka ingarma ake hawa, goɗiya a bar ta ga haihuwa. Ban da wannan, doki dukiya ce mai tsada, ga shi ba ya jure ƙudan tsando na kurmi, don haka kullum ana neman iri mai kyau. Wanda ya yi wa nagartaccen duƙushi fiɗiya ya yanke zuriyarsa, ya kuma rage masa daraja a kasuwa.

To, yaya suka zauna lafiya da dabba mai irin wannan ƙarfi? Da horo ne da yawan hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun duƙushi na bin uwarsa ake saba masa da ragama, ana shafa shi, ana ɗaga masa ƙafa. In ya tasa sai a ba shi turkensa shi kaɗai, nesa da wani ingarma yadda ba za su kai wa juna baki ba, nesa kuma da goɗiya. A sa masa dabaibayi, mai tutsu a yi masa tarnaƙi. A fada akwai Shamaki mai kula da barga, a gidajen hakimai akwai bara da ke yankan ciyawa, ya ba da harawa da dusa da kanwa, ya fita da doki kilisa safe da yamma. Dattawan da na tashi a gabansu ba sa barin yaro ya zo wa doki ta baya, ko ya naɗa igiya a hannu. Ta kafaɗa ake zuwa, ana yi masa magana.

Zuwan Turawa Katsina a 1903 ya kawo ƙarshen waɗancan yaƙe-yaƙe. Doki ya koma na rangadi da hawan salla da sukuwa. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, wasan folo ya kafu a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa. Turawa sun saba hawan dokin da aka yi wa fiɗiya, kuma aikin likitancin dabbobi, wanda cibiyarsa ta koma Vom a 1924, ya kawo hanyar yin ta da allurar kashe zafi. Duk da haka Bahaushe bai sake ba, har yau ingarma yake so a ƙarƙashin sirdinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, barorin barga sun ƙare, ingarma kuwa yana nan da halinsa. Sau da yawa yanzu saurayi ne ke sayen duƙushi don hawan angwanci, ya ɗaure shi a lungu inda yara ke wasa. A irin wannan gida fiɗiya rahama ce, muddin an bi ƙa'ida.

Kafin a yi ta, sai doki ya saba da ragama da taɓawa, kuma 'ya'yan marainansa duka biyu sun sauko. A zaɓi hunturu, lokacin da ƙuda ya yi sauƙi. A kira likitan dabbobi, kada a yi masa dandaƙa irin ta bijimi. A tabbatar an yi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki, domin doki na cikin dabbobin da ya fi kashewa. Bayan an gama a bar shi ya huta kwana ɗaya a wuri mai tsabta, sannan a riƙa jansa da ƙafa safe da yamma har mako biyu, saboda tafiya ke sa rauni ya tsane, kumburi ya sauka. Ɗigon jini kaɗan ba laifi, amma in jini ya zuba kamar zare bai tsaya ba, ko wani abu ya leƙo daga raunin, ko doki ya ƙi abinci, a nemo likita nan take. A raba shi da goɗiya har mako shida, don yana iya yi mata ciki a 'yan kwanakin farko, kuma zafin kansa a hankali yake sauka.

A ƙarshe ina jan kunnen mai doki da cewa wuƙa ba ta cire halin da aka koya. Dokin da ya saba cizo yana iya ci gaba da cizo bayan fiɗiya, sai an koma ga horon da mutanen Ruma suka yi wa nasu a bakin turke. Ina kuma roƙon 'yan ƙungiyarmu da suka fito daga wannan yanki su zauna da sauran dattawan da suka yi aikin barga, su rubuta kalmominsu da dabarunsu tun suna raye. Allah Ya ba ƙasar Rugu zaman lafiya, amin.