Yadda Aka Yi Sulhun Sudan a 1972

Yaƙin kudancin Sudan ya soma ne a 1955, sa'ad da sojoji suka yi bore a garin Torit. A 1964 gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan baƙi wajen 300 daga kudu, tana cewa su ne ke zuga 'yan tawayen Anyanya. Saboda haka babu wanda ya zaci Ikkilisiya za ta iya shiga tsakani. A ganin Khartum tana da ɓangare, mutanen kudu kuwa suna sa rai za ta tsaya musu.

Duk da haka a watan Mayu 1971 wakilan Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya da na Majalisar Ikkilisiyoyin Afirka suka tafi Khartum suka saurari gwamnatin Numeiri. Bayan haka suka nemi wakilan Joseph Lagu, shugaban Anyanya, suka ji nasu kukan. Watanni suna kai da kawo da saƙo, ba su ƙara gishiri ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama da yawa cikin waɗanda ake ƙone ƙauyukansu masu bi ne, 'yan'uwansu cikin Almasihu. Amma da sun ɗauki maganar kudu ta zama tasu, da ƙofar Khartum ta rufe, 'yan gudun hijira kuma su ci gaba da zama a Yuganda da Kwango da Habasha.

Aka zauna a Addis Ababa a watan Fabrairu 1972. Burgess Carr, limamin Angilikan ɗan Laberiya, shi ya shugabanci zaman. Abin mamaki, jagoran tawagar gwamnati, Abel Alier, shi kansa Kirista ne ɗan kudu. Aka yarda kudu za ta sami majalisarta da gwamnatin yanki a Juba, cikin ƙasa ɗaya. Da aka zo batun soja sai magana ta cije: kudu na son rundunarta, gwamnati ta ƙi. Masu sulhu ba su yanke wa kowa hukunci ba, sai aka kai maganar gaban Sarki Haile Selassie. Aka daidaita a kan soja 12,000 a kudu, rabi 'yan kudu, rabi daga sauran ƙasar.

Zaman lafiyar ya kai shekara 11. A 1983 Numeiri da kansa ya raba kudu kashi uku, yaƙi ya sāke tashi.